An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Alƙalanci da Rikicin Ƙwallo a Omdurman

A filayen ƙwallon Sudan akwai ihun da kowa ya iya, yaro da babba: "Attahkim fashil!", wato alƙalanci ya gaza. Da zarar rafali ya busa usur ɗin da bai yi wa wani ɓangare daɗi ba, sai dubban bakuna su ɗauka baki ɗaya. Abin mamakin shi ne, ihun ba na gida ɗaya ba ne. Magoya bayan Al-Hilal, masu shuɗi, sun yi imani alƙalai na Al-Merrikh ne. Magoya bayan Al-Merrikh, masu ja da rawaya, za su rantse maka cewa hukumar ƙwallo kacokan ɗinta a aljihun Hilal take. Su kuwa ƙananan ƙungiyoyi na Atbara da Shandi da Fashir da Kadugli cewa suke yi duk biyun ake yi wa aiki, su ne ake yanka wa wuya.

Sai mutum ya san girman waɗannan ƙungiyoyi biyu kafin ya gane zafin maganar. Dukkansu a Omdurman suke, tsallaken Kogin Nilu daga Hartum, kuma tsakanin filayensu a unguwar Arda 'yar tafiyar ƙafa ce. Merrikh ta samo asali tun 1908, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1927. Hilal kuwa an kafa ta a 1930. Tun tsakiyar shekarun 1990 babu wata ƙungiya bayan su biyun da ta ɗauki kofin gasar ƙasar, har da Al-Mourada, wadda ita ce ta ukunsu a da. Masu bin ƙwallo a Najeriya ba baƙinsu ba ne: Merrikh ce ta doke Bendel United a wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1989, kuma 'yan wasa irin su Kelechi Osunwa da Stephen Worgu da Yusuf Mohammed a can suka ci abinci. A filin Merrikh ne Endurance Idahor ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a watan Maris na 2010, rai ya yi halinsa.

Ƙasar ma ba ƙaramar uwa ba ce a harkar. A Hartum aka kafa hukumar ƙwallon Afirka, CAF, a 1957, a can aka buga gasar kofin Afirka ta farko a shekarar, kuma Sudan ta ɗauki kofin a gida a 1970 bayan ta doke Gana da ci ɗaya mai ban haushi. Mutanen da ke da wannan tarihi ba sa ɗaukar ƙwallo a matsayin wasan yara.

Suna kuma da dogon riƙo. Tambayi duk wani dattijo mai son Hilal labarin 1987, kafin ya ambaci sunan ɗan wasa ko ɗaya zai ambaci Larash, alƙalin wasa ɗan Maroko. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, an tashi babu ci a Sudan, aka je Alƙahira Al-Ahly ta ci biyu da nema, amma a wasan an soke wa Hilal ƙwallon da magoya bayanta har gobe suke cewa halastacciya ce. Yaran da ba a haifa ba a lokacin sun gaji haushin kamar yadda ake gadon gona. Marubutan ɓangaren Merrikh su ma suna da nasu kundin, sun shekara da shekaru suna lissafa bugun fenaritin da suka ce an hana su a wasannin hamayya da Hilal.

To, amma idan aka natsu aka duba manyan rigingimun da suka girgiza ƙwallon Sudan, za a tarar kaɗan ne daga cikinsu suka faru a kan ciyawa. Yawancinsu a ofis aka ƙulla su. A ganina, 'yan kallo sun bar jaki suna dukan taiki: rafali ne suke gani da ido, shi ke iya jin zagi, shi jifa ke iya samu, alhali wanda ya ɓata amanar gasar yana zaune a ɗaki mai sanyi.

A ɗauki kakar 2015. A shekarar ce Hilal da Merrikh suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka su biyun, abin da ya isa a yi ta murna da shi. A gida kuwa wuta ce ke ci. Takaddama ta tashi kan ɗan wasan gaba Bakri Almadina, wanda ya baro Hilal ya koma Merrikh, game da ko ya cancanci buga wasan Merrikh da Al-Amal ta Atbara, ganin akwai maganar dakatarwa a kansa. Tambaya ce da magatakarda ɗaya mai riƙe da kundi zai iya amsawa kafin a shiga fili. Sai ƙarar ta yi watanni tana yawo tsakanin kwamitoci, daga bisani kwamitin ɗaukaka ƙara ya ce a sake wasan. Amal ta ce ba ta san zancen ba. Hilal ta mara mata baya ta janye daga gasar, ta kuma ƙi zuwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale. Merrikh ta kwashe kofuna biyu, amma rabin ƙasar ba ta yarda an ci su ba, su ma masu murnar ba su samu daɗin doke abokin hamayya a fili ba.

Bayan shekara uku sai reshe ya juya da mujiya. A ƙarshen kakar 2018 Merrikh ta sha kashi a hannun takwararta Merrikh ta Fashir, ta kai ƙara cewa an sa ɗan wasan da bai cancanta ba. Kwamitocin cikin gida suka yi watsi da ƙarar, aka miƙa wa Hilal kofi, aka yi biki, aka ɗauki hotuna. Merrikh ta garzaya kotun ƙararrakin wasanni ta duniya, CAS, da ke Lozan a ƙasar Suwizalan. A watan Fabrairun 2020 kotun ta ba ta gaskiya, ta ba ta maki uku, kofin 2018 ya tashi daga wannan gida ya koma wancan. Fiye da shekara guda bayan busa usur na ƙarshe, aka sanar da zakara daga Turai. Wanda ya sayi tikiti ya zauna cikin ranar Omdurman yana da damar tambaya: to ni me na je kallo?

Mafi ciwo a cikinsu shi ne na 2017, domin a nan babu ɗan wasa ko rafali a cikin laifin ko kaɗan. Ɓangarori biyu suka yi ta ja-in-ja kan kujerar shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar. A farkon watan Yuni ma'aikatar shari'a ta ba da umarnin a miƙa hedikwatar hukumar ga ɓangaren Abdurrahman Sirrulkhatim, 'yan sanda suka fitar da ɓangaren Mu'utasim Ja'afar, wanda shi FIFA ta sani. FIFA kuwa ba ta lamuntar gwamnati ta sa hannu a harkar hukumominta, don haka a farkon Yuli ta dakatar da Sudan. Dakatarwar ba ta wuce mako guda ba, amma ta faɗo daidai kan wasannin ƙarshe na rukuni a gasar zakarun Afirka. Aka lissafa wa Hilal da Merrikh rashin nasara da ci uku-uku ba tare da sun taɓa ƙwallo ba. Makin da Ferroviário ta Beira, daga Mozambik, ta samu a kyauta daga wasanta da Hilal shi ya ɗora ta a kan Merrikh, ta wuce zagayen gaba. 'Yan wasa sun yi gumi wata da watanni, rigimar kujera ta share aikin a kwana bakwai.

Hannun gwamnati a ƙwallon Sudan tsohon abu ne. A 1976, bayan wani wasan Hilal da Merrikh da ya ƙare cikin hargitsi, Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe ƙungiyoyin wasanni gaba ɗaya, ya ce za a koma tsarin wasannin talakawa a unguwanni. Bai daɗe ba ya janye matakin, sai dai kafin nan 'yan wasa da dama sun tsallaka ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, kuma masana ƙwallon ƙasar da yawa daga nan suke fara lissafin koma-bayanta.

Wannan duka ba wanke alƙalan wasa nake yi ba. Suna kuskure, wani lokaci mummuna, kuma babu abin da ke ƙona ran ɗan kallo kamar ya ga taɓa ƙwallo da hannun da aka ba da fenariti a kansa ranar Juma'a an kawar da kai daga irinsa ranar Talata. Amma a dubi halin da mutumin yake ciki. Alƙalanci ba shi ne sana'ar da yake ci da iyalinsa da ita ba, yana da wani aikin. Ya yi doguwar tafiya zuwa Niyala ko Port Sudan, ya tsaya a gaban taron da ya riga ya yanke masa hukunci. Kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a 2023, gasar ba ta amfani da na'urar VAR da za ta ba shi damar sake duba abin da ya wuce cikin ƙiftawar ido, alhali mai kallo a gida an maimaita masa sau biyar a talabijin. Sannan ga jaridu. Kafin yaƙin, Hartum ta yi fice da jaridun wasanni masu fitowa kullum, kuma kowa ya san launin kowacce: Al-Sada ta Merrikh ce, Al-Asyad ta Hilal. Tun ranar da aka sanar da sunan wanda zai busa wasan hamayya ake fara tone-tone: wa yake so tun yana yaro, wace unguwa ya taso, me ya yi a wasan shekara kaza. A garin da kusan kowane gida ya rabu tsakanin shuɗi da ja, ina za a samo mutumin da ba a iya liƙa masa launi?

Shi ya sa kiran a kawo alƙalai daga waje ba ya ƙarewa, kamar yadda Masar ta saba ɗauko Turawa su busa wasan Al-Ahly da Zamalek. Abin dariyar shi ne, alƙalan da ake rainawa a gida ana neman su a waje. Walid Ahmad yana cikin mataimakan alƙalan da FIFA ta zaɓa zuwa gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, Mahmud Isma'il kuma ya busa wasanni a gasar kofin Afirka. Idonsu bai canja ba don sun hau jirgi. Abin da ya canja shi ne hukumar da ke tsaye a bayansu. Inda aka san dokar ɗaya ce ga kowa, kuskuren rafali kuskure ne kawai, a yi tsaki a wuce. Inda aka saba ganin doka tana lanƙwasa gwargwadon nauyin mai ƙara, kowane kuskure sai ya zama hujjar maƙarƙashiya. Mutumin Kano da ya ga yadda aka zabtare wa Kano Pillars maki a 2022 har ta faɗi daga gasar ya san yadda irin wannan zargi ke yaɗuwa a majalisa, ko da hukuncin yana kan daidai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da komai. Filayen Omdurman suka zama kufai, magoya baya suka watsu zuwa Masar da Chadi da sauran wurare, zancen fenariti ya zama ƙaramin abu a gaban abin da ya sami mutane. Don kada ƙungiyoyin su mutu, Hilal da Merrikh suka shiga gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025, inda Hilal ta ƙare a saman teburi, daga baya suka koma gasar Ruwanda. A watan Yulin 2025 an samu an shirya gajeriyar gasa a Atbara da Damar, Hilal ta lashe. Ƙungiyar ƙasa kuwa, ƙarƙashin Kwesi Appiah, ta samu gurbin gasar kofin Afirka ta Maroko ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba, ta bar Gana a baya.

Idan Allah ya kawo zaman lafiya aka dawo Arda, gyaran bango da ciyawa zai ci kuɗi mai yawa. Gyaran ofis kuwa bai kai haka tsada ba. Kundin rajista da na katuna ya zama a buɗe, kowace ƙungiya ta san wanda aka dakatar kafin ranar wasa. A yanka wa kowace ƙara wa'adin kwanaki, ba watanni ba, kwamiti kuma ya rubuta dalilin hukuncinsa ya buga kowa ya karanta. A biya alƙalai haƙƙinsu a kan lokaci daga asusun hukuma, a raba masu naɗa su da masu neman ƙuri'ar ƙungiyoyi a zaɓe. Rigimar 2015 da ta 2018 duk a kan tambaya ɗaya suka tashi, wato ko wane ya cancanci shiga fili ranar kaza, kuma amsarta tana cikin takardun hukumar tun kafin a buga wasannin.