Kada Mu Kashe Shuka da Yawan Ruwa

A Illela, garin da ke bakin iyaka daura da Birnin Kwanni, uwargida takan dasa daddoya ko na'ana'a a tsohuwar tukunya domin miya da shayi. Idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan wuce digiri 40, sai ganye ya yi rawaya yana zuba. Nan da nan mukan ce ƙishirwa ce, mu yi ta kwara ruwa. Amma sau da yawa ruwan ne yake kashe shukar, gama saiwa tana bukatar iska. In ruwa ya kwanta a gindin tukunya, sai ta ruɓe.

Kafin mu ba da ruwa, mu tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, mu bari sai gobe. In ta bushe, mu zuba da sassafe ko da yamma. Ban da ruwan wanki.

In saiwa ta cika tukunya, sai a sauya mata wata wadda ta ɗan fi girma, zai fi kyau a farkon damina, wajen Yuni. A huda gindin sabuwar tukunyar, a ɗora tsingaro guda bisa ramin don kada ƙasa ta zube. A gauraya ƙasa da tsohon takin awaki, gama ɗanyen taki yakan ƙone saiwa. A yanke saiwar da ta yi baƙi, a dasa, a ajiye a inuwar darbejiya mako biyu, inda akuya ba za ta kai ba.

Ran da muka ga sabon toho, shukarmu ta farfaɗo ke nan.