Ƙwayar Tushiya da Sankarar Mama

A Unguwar Shanu ta Kaduna, kamar sauran wurare a ƙasar Hausa, in mace ta ji kullutu a nononta akan gargaɗe ta cewa daji ba ya son ƙarfe. Hujjar masu faɗin haka ita ce an yi wa wance aiki, ciwon ya komo. Komowar gaskiya ce, amma ba ƙarfe ya jawo ta ba. Kafin malami ya iya bayyana wannan, tilas ya sami sunan wata irin ƙwayar halitta wadda sunanta bai zauna ba tukuna a Hausa.

Nono ba ya zama a hali guda. Yakan girma da balaga, ya yi rassa da samun ciki, ya koma bayan yaye, sa'an nan ya sāke in wani cikin ya zo. Waɗansu ƙwayoyi ƙalilan ke ɗauke da wannan aiki. In ɗayarsu ta rabu, takan haifi irinta, ta kuma haifi masu shimfiɗa hanyoyin nono da masu yin nonon. A 1959 Kenneth DeOme da abokan aikinsa a Amurka suka dasa ɗan guntun nonon ɓera cikin kitsen wata ɓerar, ya tsiro ya cika. A 2006 masu bincike a Ostireliya da Kanada suka nuna ƙwaya ɗaya tak tana iya yin haka.

Ni dai na zaɓi a kira ta "ƙwayar tushiya". "Uwar ƙwayoyi" ya fi daɗin faɗi, amma uwa tana tsufa, ba ta maye gurbin kanta. Tushiya kuwa, mafarin dawa, manomi ya san in an girbe kara aka bar ta, gyauro zai fito.

To, a nan ne sunan ya ke da amfani. A 2003 Muhammad Al-Hajj da Michael Clarke na Jami'ar Michigan suka rarrabe ƙwayoyin sankarar mama, suka sa wa ɓeraye. Waɗansu, 'yan ɗaruruwa kawai sun isa su tsirar da sabon ƙari. Sauran kuwa, dubbai ba su tsirar da kome ba. Watau sankara ma tana da tushiyarta, kuma akwai shaidar cewa ta fi sauran ƙwayoyin jure magani. Masana ba su daina gardama a kan ko daga tushiyar nono lafiyayya ta ke fitowa ba. Abin da ba gardama shi ne, ƙarin da ya daɗe ya fi samun zarafin aika ƙwayoyinsa hamata da ƙashi da huhu, inda wuƙar likita ba ta kai ba. Mata da yawa kuwa sai ciwo ya yi nisa su ke isa Asibitin Barau Dikko ko na Shika.