Zane Maras Siffa da Matsayin Bincike a Cikinsa

Zane maras siffa shi ne wanda mai yinsa ba ya nufin fito da kamannin mutum ko dabba ko itace. Layi da launi da tsari su ne ke ɗauke da ma'anarsa. A ƙasashen Turai an fara ba shi suna da daraja wajen shekarar 1910, ta hannun irin su Kandinsky, mutumin Rasha. Wannan ne ya sa wasu ke ɗaukarsa baƙon abu a ƙasar Hausa, alhali kuwa Bahaushe ya daɗe yana sanye da shi a jikinsa.

Duk wanda ya dubi aska takwas da tambari a gaban babbar riga, ko dagi a ƙofar zaure, ko zayyanar allon sauka, ko sassaƙar bayan ƙwarya, to zane maras siffa ya gani. Aska takwas ba hoton askar wanzami ba ce. Maɗinki ya ɗauki tsininta kawai, ya jera shi bisa ƙa'idar da ya gada. Haka kuma adon bakan gizo na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19.

A Zariya ɗin an maida irin wannan gado abin nazari ga mai zanen zamani. A shekarar 1958 wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma a nemo tushen zane a gida. Okeke ya aikata abin da ya faɗa. Ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya yi nazarinsa, kana ya gina aikinsa da koyarwarsa a Jami'ar Nsukka a kansa. Daga baya Gani Odutokun, wanda ya koyar a Zariya har rasuwarsa a 1995, ya shahara da kwarara fenti a kan ƙyalle yana lura da inda launi zai bi, ya mai da gwaji kansa hanyar bincike.

Darasin da ke nan shi ne, bincike ke raba gwani da mai shafe-shafe. Wanda ya kwafi dagi bai san sunansa ba, bai san inda ake sa shi ba, ado kawai ya ɗauka. Wanda ya zauna gaban magini ko maɗinki ya tambayi suna da asali da ƙa'ida, shi ne ke iya sauya zanen ba tare da ya kashe shi ba.

Ƙasar Kabi tana da abin da za a bincika. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda tsohuwar fada ce, an buɗe shi a 1958, shekarar da aka kafa ƙungiyar Zariya. Akwai saƙar homa ta masunta, akwai zanen ƙwarya da na tabarma. Sai dai a unguwanni irin su Gesse ta Birnin Kabi siminti ya maye gurbin ginin ƙasa, tsofaffin gwanaye kuma suna ƙarewa. Zanen da aka ajiye a gidan tarihi yana iya jiran mai bincike, amma sunansa da ma'anarsa suna bakin dattijo, shi kuwa ba ya jira.