Shin Ko Kun San? Abin da Ke Cikin Bitamin, Daga Kwamin Masunta Zuwa Tukunya

Shin ko kun san bitamin 13 jikin ɗan Adam yake buƙata? Huɗu, wato A da D da E da K, a mai suke narkewa. Sauran tara, C da dangin B, a ruwa. Wannan bambancin ya shafi kowace mai girki.

Ko kun san akwai ƙarfe a cikin bitamin B12? Ƙwayar zarra guda ta kobalt ce zaune a tsakiyarsa, kabon 63 na kewaye da ita. Shi ne mafi sarƙaƙiya a cikinsu, kuma Dorothy Hodgkin ta Ingila, wadda ta gano fasalinsa, ta karɓi kyautar Nobel a 1964. Gero da dawa ba sa yin sa, ƙananan halittu irin su bakteriya ne kaɗai ke haɗa shi, mu kuma mu same shi a kifi da nama da nono. Warangi, ƙaramin kifin nan da ake shanyawa a bakin tafkin Kainji, wanda wasu ke rainawa, ana cinye shi ne da kai da ido da hanta, inda bitamin A ma yake taruwa. A ganina ya fi tsokar giwan ruwa amfani ga yaro.

Bitamin C kuwa kabon 6 ne, haidirojin 8, oksijin 6. Akuya na haɗa nata a hanta. Mutum ba ya iyawa.

Ko kun san B1 na ɗauke da farar wuta, kuma a dusar shinkafa ya fi yawa? Matan Yauri da Shanga da Ngaski masu turara shanshera kafin a kai inji, tururin nan na tura bitamin ɗin cikin ƙwayar, sai ya tsira daga casa. Shinkafa fara tas ɗin da ake yi wa kwaɗayi ta rasa mafi yawansa, kuma rashinsa ne ke kawo cutar beriberi. Kanwa ma tana lalata B1 da C, musamman in ta yi yawa a miyar kuɓewa.

Jan launin manja da karas, karotin ne mai kabon 40, hanji ke raba shi ya zama bitamin A, mai kare yara daga dundumi. Amma sai da maiƙo yake shiga jiki. Uwargida, in kin dafa zogale, ki sa masa ƙuli ko ɗan man gyaɗa, kuma kada ki zubar da ruwan dahuwar.