Adakar Tsohon Soja

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa Mai kashewa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka:

A birnin Zariya akwai wani dattijo mai sayar da yadi, wanda ya ɗora wa kansa wata al'ada tun shekarar da mahaifinsa ya rasu. Kowace shekara in Sha'aban ya raba, sai ya tara malaman unguwa a zaurensa, a sauke Alƙur'ani, a raba waina da goro, a yi wa mamacin addu'a. In an shafa fatiha, sai ya sa a fito da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, ya buɗe ta gaban 'ya'yansa da jikokinsa. Abin da ke ciki ba shi da yawa: jar dara wadda asu ya ci, da littafin sallama daga aikin soja, da lambar tagulla mai tsini shida irin wadda aka ba waɗanda suka yi yaƙin Bama, da wani ɗan kundi na addu'o'i da ajami, wanda gumi da ruwan sama suka dusashe tawadarsa.

Wata shekara sai wani saurayin malami, wanda bai daɗe da komowa daga neman ilmi ba, ya dubi limamin unguwa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, addu'a dai wajibi ce ga kowane Musulmi da ya rasu. Amma wannan lamba fa? Ya halatta a girmama mutum saboda ya yi wa Nasara aikin soja?" Zaure ya yi tsit, mai gida ya sunkuyar da kai.

Tambayar nan tana da tushe. Tun 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa a Ikko ya ba su bindiga. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni. Wannan runduna ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ita ce kuma ta yi yaƙin Burmi a wannan shekara, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Saboda haka malamai suka daɗe suna ƙyamar bariki, har gidajen mutunci da yawa ba su son ba soja 'ya.

Amma mahaifin mai yadin nan ba a ko haife shi ba sa'ad da aka yi Burmi. Yaƙin da ya tarar shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya tashi a 1939, wanda mutanen ƙasar nan suka fi sani da Yaƙin Hitila. Ta hannun sarakuna da hakimai aka nemi samari. Waɗansu suka tafi don albashi, waɗansu don ganin duniya, waɗansu kuwa dagaci ne ya nuna su, ba su da ta cewa. Na farko aka kai su Kenya, suka kori Italiya daga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka bi ta har cikin Habasha. Da Japan ta kama Bama a 1942, watau ƙasar da ake kira Miyanma a yau, sai aka haɗa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gana, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, da Saliyo da Gambiya. Ta 81 ta hau jiragen ruwa a 1943, ta kewaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu har Bambai ta ƙasar Indiya. Ta 82 ta bi bayanta a 1944. Mutanen Afirka ta Yamma da suka je can sun kai kimanin 90,000, mafi yawansu daga Nijeriya.

A runduna ta 81 mahaifin nasa ya yi aiki, kuma ba bindiga aka ba shi ba. Kwarin kogin Kaladan, inda aka tura su, kurmi ne da duwatsu, ba hanyar mota. Saboda haka jiragen sama ke jefo musu abinci da harsashi da laima, sa'an nan akwai ƙungiyoyi na musamman waɗanda aikinsu ɗaukar kaya a ka. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi da sassan igwa da buhunan shinkafa, su ke sare kurmi da adda, su ke ɗauko masu rauni daga bakin daga. Fatake da suka san nauyin huhun goro a kan ɗan dako, su kwatanta wannan nauyi a kan tudu mai santsi, cikin damina wadda ba ta ɗaukewa, ga matsattsaku, ga sauro, ga zazzaɓi da atuni, ga maharban Japan a ɓoye cikin gora. Waɗansu bataliyoyin Nijeriya uku kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da mayaƙan Cindit, aka sauke su ta sama a bayan abokan gaba a 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci tsohon birnin Myohaung. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na wannan shekara, amma da yawa ba su ga gida ba sai 1946.

Ba duka suka komo ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai da aka rubuta sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, a cikinsu akwai na Afirka ta Yamma. Waɗanda suka komo kuwa, kuɗin sallamar da aka ba baƙin soja bai kama ƙafar na farin soja ba. Waɗansu suka zama 'yan doka, waɗansu direbobi, waɗansu masinjoji da masu gadi. Mahaifin mai yadi ya yi jari da nasa, ya fara tallan yadi a ka daga kasuwa zuwa kasuwa. Daga wannan ɗan jari rumfar ɗansa ta samo asali. Har ya rasu bai cika ba da labarin Bama ba, sai dai in hadari ya yi tsawa da dare a ga ya tashi zaune yana jan carbi.

Da liman ya ji tambayar saurayin, sai ya sa aka miƙo masa kundin nan, ya jujjuya shi, ya ce, "Malam ƙarami, karatunka ya yi kyau, amma dubi wannan. Mutumin da ya ɗauki addu'o'insa a ƙirji daga Zazzau har bayan Indiya, ya komo da su, bai bar addininsa a bariki ba. Allah ya umarci ɗa ya zauna da iyayensa da kyautatawa ko da sun saɓa masa a addini, balle uba Musulmi mai salla. Hukuncin mulkin Nasara daban, hakkin uba daban. Ba tutar Ingila ake girmamawa a zauren nan ba. Wuyan da ya ɗauki kaya ake tunawa, wanda da guminsa aka sayi allon farko na mai gidan nan."

Liman ya ƙara da cewa biyayya ga iyaye ba ta ƙarewa da binne su. Abin da ya saura a kan ɗa shi ne addu'a da neman gafara, da biyan bashi, da cika alkawarin da suka ɗauka, da sada zumuntarsu, da girmama abokansu. Saurayin ya rusuna ya ce ya gamsu, ya roƙi mai gida gafara.

Mai yadin kuwa ya riga ya yi aiki da wannan. A shafin ƙarshe na kundin ya tarar da uban ya rubuta sule goma sha biyu da ya ranta wajen wani abokin bataliyarsa, wanda bai komo daga Kaladan ba. Shekara biyu yana cigiya, har ya sami 'yar mamacin ta tsufa a wani ƙauye na ƙasar Katsina, ya biya ta da abin da ya fi, ya kuma gina rijiya a ƙofar masallacinsu da niyyar ladan ya kai ga su biyun.

Sunayen wuraren da aka yi wannan yaƙi suna nan a kan barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Myohaung a Ikko, Letmauk a Badun, ga kuma barikin Cindit a Zariya. Mutane na wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san ma'anarsu ba. Hukuma ta ware ranar 15 ga Janairu don tunawa da mazan jiya, amma faretin rana ɗaya ba ya sauke wa ɗa nauyin da ke kansa. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana raye, ya kai ɗari. Saboda haka duk gidan da ke da irin wannan adaka, ya kamata a buɗe ta tun masu sanin labarinta suna nan, a rubuta sunan uban da bataliyarsa da garuruwan da ya ambata, ko da ajami ko da boko, a duba ko ya bar bashi ko amana, a karanta wa jikoki.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a Kaladan da waɗanda suka kwanta a gida, ya gafarta wa iyaye baki ɗaya, ya ba na baya ikon sauke hakkinsu. Amin. Haza wasalam.