Inda Sirrin Majinyaci Ya Tsaya a Amurka

Duk wanda ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, kafin ya fara amayar da abin da ke cinsa, akan miƙa masa takarda ya sa hannu. Takardar ta ce asirinsa a rufe yake, amma da sharaɗi. Idan likitan ya ji abin da ya sa shi zargin ana cutar da yaro, dole ya sanar da hukumar kare yara ko 'yan sanda, ko majinyacin ya yarda ko bai yarda ba. Ba sai ya tabbatar ba, zato mai dalili ya wadatar. In kuwa ya yi gum, yana iya fuskantar hukunci, lasisinsa ma ya shiga haɗari.

Dokar ba daga sama ta faɗo ba. A 1962 likitan yara Henry Kempe da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan yaran da ake kawowa asibiti da karaya, iyaye na cewa faɗuwa suka yi. Cikin 'yan shekaru jihohi suka kafa dokokin kai rahoto, a 1974 kuma gwamnatin tarayya ta sa su cikin sharuɗɗan samun tallafinta. Yaro ɗan shekara uku ba ya iya kai ƙara, tilas wani ya yi magana a madadinsa. Wannan ba abin musu ba ne.

Sai dai akwai wanda dokar ke korewa. Ɗauki uwar da ciwon damuwa ya kai ta ga dukan ɗanta fiye da kima, ta tsorata da kanta, tana neman taimako. Ta san kalma ɗaya za ta iya kawo ma'aikatan gwamnati ƙofar gidanta, sai ta haɗiye maganar. Yaron bai tsira ba, ita ma ba ta warke ba. A asibitin Johns Hopkins da ke jihar Maryland an ga haka ƙarara: masu lalata da yara da ke kai kansu neman magani sukan kai kimanin bakwai a shekara, amma da aka tsaurara dokar a 1989, sai aka daina ganin ko ɗaya. Ba shiryuwa suka yi ba, ɓuya suka yi.

Jamus ta bi wata hanya. Tun 2005 asibitin Charité na Balin yake karɓar masu tsoron kada su taɓa yaro, yana yi musu magani cikin sirri, domin dokar ƙasar ba ta tilasta wa likita kai rahoto irin na Amurka ba. Har gobe ana gardama kan ingancin shirin, amma mutane suna zuwa da ƙafarsu.

A ganina, mai neman magani a Amurka ya tambayi likita tun zaman farko: me za ka kai, me ba za ka kai ba? Dokokin jihohi sun sha bamban. A yawancinsu, babban da ya ba da labarin abin da aka yi masa yana ƙarami ba lallai a kai rahotonsa ba, amma a Maryland ana kaiwa ko da ya girma.