Sauya Wuyan Jita Mai Lantarki: Sukurori Huɗu da Awon da Ba Ya Yafiya

Lokacin da Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fito da jitarsa mai gangar jiki ta dunƙulallen katako a shekarar 1950, ya kauce wa al'adar maƙeran kayan kiɗa ta manna wuya da gam, inda ya ɗaure shi da sukurori huɗu da wani farantin ƙarfe daga baya, domin idan wuyan ya lanƙwashe ko ya ci, a kwance shi a sa wani ba tare da an taɓa sauran jitar ba. Kamfanin Gibson kuwa, da ya fito da samfurin Les Paul a 1952, ya tsaya a kan gam, shi ya sa cire wuyan irin wannan jita aiki ne na ƙwararre.

Sauƙin kwance sukurori shi ke yaudarar mutane da yawa, alhali kuwa wahalar aikin tana wajen awo. Kowane wuya an ƙera shi ne bisa wani tsawon tsirkiya, wato tazarar da ke tsakanin ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya da jakin da suke sauka a kansa a gangar jiki, kuma wannan tazara inci 25.5 ce a yawancin jitocin Fender, yayin da ta Gibson take inci 24.75. Siraran ƙarafan da aka jera a gicciye a kan wuya, waɗanda ake kira firet, an lissafa mazauninsu daga wannan tazara, ta yadda na goma sha biyu zai faɗa a tsakiyar tsirkiya. Saboda haka wuyan da awonsa ya saɓa zai iya zama daram a gurbinsa, amma sautinsa ba zai taɓa daidaita ba, komai juya kunnuwan ɗaurin tsirkiya da aka yi.

Sai batun gurbin kansa. Ko a cikin jitocin Fender, gindin wuyan samfurin Stratocaster yana da ɗan zagaye, na Telecaster kuwa a miƙe yake, don haka ba a musanya su kai tsaye. Idan sabon wuya ya zo babu huda, mai gyara yakan matse shi a gurbi, ya ɗaura tsirkiya ta farko da ta shida, ya duba ko ratar da kowace ta bari daga gefen wuya daidai take da ta 'yar'uwarta, sannan ya huda. Idan kuma tsirkiyoyi sun yi nesa da firet, yakan cusa ɗan siririn katako a ƙasan gindin wuyan don ya karkata shi kaɗan.

Daga nan ake gyara sandar ƙarfen da ke ɓoye cikin wuya, wadda ke yin tsayayya da jan tsirkiyoyi, kuma da kaɗan-kaɗan ake juya ta, ana dubawa. A ƙasashe masu hunturu wannan gyara ba na sau ɗaya ba ne, domin bushewar iska tana sa katako ya tsuke har bakin firet ya riƙa kartar yatsa, damina kuma ta sake kumbura shi.

Abin lura shi ne canjin wuya ba ya rage darajar jita a idon makaɗi, ko da yake masu tara tsofaffin kaya suna ƙyamarsa. Shahararriyar jitar makaɗi Eric Clapton mai suna Blackie haɗin gambiza ce daga sassan Stratocaster uku, kuma an yi gwanjonta a 2004 a kan dala 959,500.